Kariyar Tailan ta fara ruɓewa da ruwan Agusta, ko akwai dabara?

Maman_Hanifa_Domayo
Assalamu alaikum 'yan zaure. Masu hannun shuka ku taimaka min. Maigidan ne ya dawo daga Yawunde da bazara ya kawo min wata fulawa a tukunyar roba, gindinta a kumbure, furenta ja wur mai ninki-ninki. Mai sayarwa ya ce masa irinta daga Tailan ya zo, kuma ba ruwanta da fari, ko an manta da ita wata guda ba abin da zai same ta. Sefa dubu 15 ya biya. Duk zafin nan da aka yi tana ta fure abinta. Amma tunda ruwa ya zauna ganyen ya soma yin rawaya yana zuba, yau kuma da na danna gefen gindin sai na ji ya yi taushi. Surukata da ta gani ta ce wannan ai kariya ce ta daji, an dai ci kuɗin ɗanta. To tambayata biyu ce: da gaske kariya ce? Kuma ta mutu ke nan ko akwai dabara?

Dan_Mokolo
Wa alaikumus salam. Inna ta faɗi gaskiya, kariya ce. Ki bi hanyar Mokolo zuwa Rumsiki da rani ki ɗaga kai, za ki gan ta tsaye tsakanin duwatsu, ba ganye ko ɗaya, sai fure ruwan hoda. Ba mai ba ta ruwa, ba mai sa mata taki. Mu muka taso muna ganinta kyauta, yanzu ta je ƙasar waje ta dawo da farashi.

Sali_Malamin_Gona
Inna ta yi gaskiya, mai sayarwar ma bai yi nisa da gaskiya ba. Asalinta ɗaya da tamu, masana na kiranta Adenium obesum, kuma gidanta shi ne wannan yanki namu na Sahel har zuwa gabashin Afirka da kudancin ƙasar Larabawa. Abin da masu lambun Tailan da Taiwan suka yi shi ne sun daɗe suna barbarar iri da iri, suna zaɓen wanda ya fi kyau, har suka fitar da masu fure ninki biyu da uku, da ja mai duhu, da fari, da mai ratsi. Tamu ta daji furenta kunne biyar ne rak.

Maman Hanifa, ki duba rassan da kyau, ɗan sama da gindin. Za ki ga wani tabo da ya zagaye reshe, inda launin ɓawon ya bambanta. Nan aka yi auren, yadda dai ake yi wa mangwaro. Na ƙasa kariya ce gama-gari da aka shuka daga iri, na sama shi ne reshen mai tsadar. Wannan zai yi miki amfani, domin ko gindin ya lalace ana iya ceton saman.

Maganar taushi kuwa ruɓa ce, kuma ruwa ne ya kawo ta. Kada ki jira gobe. Ki zare ta daga tukunyar yau, ki kakkaɓe ƙasar, ki gaya mana abin da kika gani.

Hajja_Dudu_Garwa
Ƙanwata kar ki damu, nawa ma suna zubar da ganye lokaci-lokaci kuma su dawo. Amma taushin gindi ba wasa ba ne, ki bi maganar Malam Sali.

Alhaji_Buba_Kuseri
Ni dai abin da ya tsaya min shi ne dubu 15. Da kuɗin nan zogale nawa za a dasa? A tsakar gidana akwai zogale, lalle, yakuwa da lemun tsami, kowanne yana shiga tukunya ko ya shiga hannun mata. Fure kuwa kallo ne kawai.

Ummu_Sadiya
Alhaji, ranka ya daɗe, ido ma yana da nasa haƙƙin. Kuma zogalenka in ba a ba shi ruwa a Afrilu ba ai ka san yadda yake komawa. Mu da muke sayen ruwa a jarka wurin 'yan tura, shukar da za ta yi fure da kofi biyu ita ce tamu.

Alhaji_Buba_Kuseri
To Allah ya ba da sa'a. Amma ga shi tun ba a kai kaka ba tana neman mutuwa.

Sali_Malamin_Gona
Alhaji, ba ƙishirwa ce ke kashe ta ba, abin da ya kamata mutane su riƙe ke nan. Kumburin gindin nan ma'ajiyar ruwa ce, da shi take ƙetare rani. A Marwa ruwan shekara kusan milimita 800 ne, amma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, Agusta kuma shi ne kan gaba. A kan dutse ruwan na zuba ya wuce, kafin la'asar saiwa ta sha iska. A tukunyar roba mai ƙasa mai nauyi kuwa ruwan kwana yake yi, ga hadari ya rufe rana, saiwar ba ta samun iska, sai ruɓa ta kama daga ƙasa ta hau. Mutum yana ganin ganye na rawaya sai ya ɗauka yunwa ce ko ƙishi, ya ƙara ruwa da taki, ya ƙarasa ta.

Bashir_Njamena
Tunda an zo maganar Tailan bari in ba ku nawa labarin. Na ga hoto a Facebook, kariya mai fure shuɗi shar, wani kuma baƙi da zanen zinariya. Na tura kuɗi aka aiko min da iri a 'yar leda, na karɓo ta gadar Ngeli. Rabinsu ba su tsiro ba. Waɗanda suka tsiro na yi ta lallaɓa su har suka yi fure, sai ga ruwan hoda mai kunne biyar, sak irin wadda Dan_Mokolo ke gani kyauta a kan dutse.

Dan_Mokolo
Hahaha, Bashir da ka zo na cika maka buhu.

Sali_Malamin_Gona
Bashir, abu biyu suka same ka. Na farko, babu kariya shuɗiya, hoton da kwamfuta aka rina shi. Na biyu, ko da uwar mai ninki ce da gaske, irin da aka barbara ba ya maimaita kansa ta hanyar ƙwaya. 'Ya'yan kowa da kamarsa, yawanci ma komawa suke yi ga kakanninsu. Shi ya sa ake aure, don reshe shi ne ke riƙe kamannin uwarsa daidai. Rashin tsirowar kuma tsufa ne, irin kariya ba ya jure ajiya. Sabo cikin mako guda yake fasa ƙasa.

Goggo_Asta
'Ya'yana, duk kuna maganar kyau, ba wanda ya ce dafi ce. Mu tun muna yara ake hana mu karya reshenta. Maharba na da suna haɗa ruwanta a dafin kibiya, masunta kuma suna daka ta su zuba a tafki kifi ya taso. A ƙauyenmu ana dasa ta a shinge tare da tinya da dashi, don dabba ba ta kusantarta. Ke mai Hanifa, in yarinyarki tana rarrafe ki ɗaga tukunyar sama.

Nas_Hadiza_Gidar
Goggo Allah ya ƙara girma, wannan ita ce maganar da nake jira. Ruwan jikinta yana ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya kai tsaye. Dangi ɗaya suke da tumfafiya da kuma fulawar nan mai dogon ganye da ake dasawa bakin ofisoshi, wadda ake ce wa loriye-roz. Wanda ya ci zai iya yin amai, jiri, zuciya ta riƙa bugawa ba daidai ba. In yaro ya tauna ko ganye ne, a kai shi asibiti nan take a tafi da reshen a nuna, kar a tsaya ba shi madara ko manja ana jiran ya wuce. Mai yankan kuma ya sa leda ko safar hannu, kar ya taɓa ido, ya wanke wuƙar da sabulu, kuma kar ta koma kicin a yanka albasa da ita.

Modibbo_Yaya
Amma ai masu maganin gargajiya suna amfani da ita, na ga ana shafa wa dabbobi don kaska da ƙwarƙwata.

Nas_Hadiza_Gidar
Malam, abin da ke kashe kaskar shi ne dafin. Shafa wa saniya a baya daban, sha daban. Ni dai ba zan ce kowa ya kai ta baki ba, komai ƙanƙantar abin.

Ummu_Sadiya
Akuyoyina ko kallonta ba sa yi, alhali sun cinye min ganyen gwanda tas.

Dan_Kaele
Manya ba sa ci, sun san ta. Ɗan akuya ne abin tsoro, musamman a ƙarshen rani da ba wani kore a gida. Maƙwabcinmu ya yi asarar ɗaya haka.

Maman_Hanifa_Domayo
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka. Goggo na ji, na ɗora komai kan katanga. Malam Sali na zare ta. Ƙasar da ta zo da ita baƙa ce mai laushi, da wani abu mai kama da zaren kwakwa, jiƙe sharkaf, in ka matsa ruwa na ɗiga. Ramin gindin tukunyar guda ɗaya ne ƙarami, saiwa ta toshe shi. Manyan saiwoyi biyu sun zama ruwan kasa suna wari, ruɓar ta hau gefe ɗaya na gindin kamar faɗin yatsa uku. Ɗaya gefen da tauri. Na kuma ga tabon auren a rassa uku, yadda ka faɗa.

Sali_Malamin_Gona
Madalla, akwai rai. Ki samu wuƙa mai kaifi, ki ƙona bakinta a wuta ta huce. Ki yanke ruɓaɓɓun saiwoyin, sannan ki riƙa feƙe wurin da ya yi taushi kaɗan-kaɗan har sai kin kai nama fari tas, ba ɗigon ruwan kasa ko ɗaya. Kar tausayi ya hana ki, in kika bar ko ɗan zare na ruɓa zai ci gaba ta ciki. Duk yanka biyu ki goge wuƙar. In kin gama ki barbaɗa garin gawayi a kan ciwon, ki rataye ta a inuwa inda iska ke wucewa, ba ƙasa, ba ruwa. Ganyen da ya rage zai zube, kar ya dame ki. Sai ciwon ya bushe ya yi ɓawo mai tauri za a sake dasawa, da wannan laimar zai iya kai mako biyu.

Hajja_Dudu_Garwa
Ni toka nake sawa, ta murhu, kuma ban taɓa rataye ta har mako biyu ba. In ta kwana uku na mayar.

Sali_Malamin_Gona
Hajja, da rani kwana uku zai iya isa, iska a bushe take. A Agusta ko wanki ba ya bushewa. Toka ba laifi in ta huce kuma siririya ce, sai dai in ta jiƙe tana yin kanwa-kanwa ta ci naman, shi ya sa na fi son gawayi.

Lambu_Pitoware
Ni sana'ata ke nan, ina da 'yar pepinya, wato wurin renon shuke-shuke, a bakin hanya, bari in sa baki kan ƙasa. Duk fulawar da ta zo daga kudu, ranar da ta iso nake juye ƙasarta. Can suna renonta ƙarƙashin rumfar leda, su ke auna mata ruwa, ƙasar ba ta dame su ba. Haɗina shi ne yashi mai gautsi na rafin Mayo Kaliyawo da ke Marwa kashi biyu, wanda ake tankaɗewa a zubar da ƙurar, ba lallausan nan na shafe ba. Gawayi da aka farfasa girman gyaɗa kashi ɗaya. Ƙasar lambu da tsohon kashin awaki wanda ya shekara kashi ɗaya. In ka zuba ruwa ya fito ta ƙasa kafin ka ajiye butar, haɗin ya yi. Baƙar ƙasar karal ta masakwa kuwa ko kyauta aka ba ka kar ka karɓa, da damina ta riƙe ruwa, da rani ta tsage ta tsinke saiwa.

Tukunya kuma ta ƙasa ta fi, irin ta matan da ke ginawa, a huda mata ramuka huɗu ko biyar, a jera tsingaro a kai, a ɗora ta kan bulo. Baƙar roba a ranar Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, dafa saiwa take yi. Kuma mai faɗi mara zurfi, kar a ce za a yi mata gata da ƙatuwar randa.

Abba_Yagwa
Mu nan ƙaiƙayin shinkafa ya yi mana yawa. Muna babbaka shi ya yi baƙi bai zama toka ba, mu zuba maimakon gawayi. Yana aiki sosai kuma ba nauyi. Ambaliyar 2024 ta shiga gidanmu, waɗanda ke ƙasa duk sun tafi, na tukwane da muka ɗora kan rufi sun tsira.

Bashir_Njamena
Allah ya kiyaye gaba, Abba. Mu ma a unguwar Waliya ta Njamena mun gani a 2022. Shi ya sa na daina dasa komai mai daraja kai tsaye a ƙasa, duk da ruwan Njamena bai kai na Marwa ba.

Malama_Zainabu_Ngaundere
Ku kuna kukan Agusta kawai. Nan ruwan shekara ya kai wajen milimita 1,500, damina wata bakwai, ga sanyin tudu. Kariya a fili ba ta kai labari. Tawa tana baranda inda take samun ranar safe, ruwan sama ba ya taɓa ta ko kaɗan, ni nake ba ta. Tana rayuwa amma furenta bai kai rabin na 'yar'uwata a Garwa ba. Rana take so, in ba ta samu awa shida ba sai ta yi ta tsawo tana ganye.

Hajja_Dudu_Garwa
Ni fa ban yarda da zancen nan na "ba ta son ruwa" ba. A Maris da Afrilu kusan kullum nake ba nawa da yamma, kuma a lokacin ne suke rufewa da fure har ba a ganin reshe. Da na bi maganar masu cewa wata guda, da gindin ya motse.

Lambu_Pitoware
Hajja kin yi daidai, amma ki faɗa musu tukunyarki ta ƙasa ce kuma yashi ne a ciki. Jure fari daban, son fari daban. Da zafi tana sha sosai in ruwan zai wuce. Lokaci biyu ne ake janye hannu, tsakiyar damina da kuma hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sa'ad da take barci ta zubar da ganye. Ni yatsa nake tsomawa, in na ji sanyi a ƙasar na wuce.

Ummu_Sadiya
To taki fa? Ina da ragowar 20-10-10 na masara.

Sali_Malamin_Gona
Wannan ganye zai ba ki, lambar farko, wato sinadarin da ke sa ganye, ta yi yawa. In shi ke gare ki, 'yan ƙwayoyi kaɗan a bakin tukunya nesa da gindi, a farkon zafi. Yuriya kuwa kar ki fara. Mara lafiya irin ta Maman Hanifa ba a sa mata komai sai ta fito da sabon ganye.

Dan_Mokolo
Wani abu da ke ci min rai, tunda fulawar nan ta yi kasuwa samari suna hawa dutse da diga suna tono manyan, waɗanda tun muna yara suke nan, su jera bakin hanya. Saiwar a daddatse, yawanci ba sa kai wata uku a gidan wanda ya saya.

Dan_Kaele
Yaya, yaron da ba shi da aikin yi, ya ga abin da Allah ya shuka a daji ana biyan kuɗi, me kake so ya yi?

Dan_Mokolo
Ya tsinko iri ya rena. Kwafsarta biyu-biyu take fitowa, in ta kusa nuna ka ɗaure ta da zare don kar ta fashe iska ta kwashe, domin kowace ƙwaya da gashinta a kai da gindi. Uwa ɗaya za ta ba shi abin sayarwa kowace shekara. In ya tone ta sau ɗaya ya ci.

Lambu_Pitoware
Kuma ta iri ce ke yin ƙaton gindin da masu saye ke so. Ta reshe tana kamawa da sauƙi, ka yanka ka bar shi ya bushe ka soke a yashi, tana saurin fure ma, sai dai gindinta ba ya kumbura da wuri. Ni 'yan shekara ɗaya na gida nake aura wa reshen Tailan. A yanke kan ta ƙasa a kwance, a ɗora ɗan guntun reshe mai ido ɗaya ko biyu, a rufe da leda a ɗaure, a ajiye a inuwa kamar mako biyu. Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon a cire shi, in ba haka ba ta gida za ta rinjaye ta baƙuwar ka koma ruwan hoda. Maman Hanifa, in kin ga ruɓar ta ƙi tsayawa, yanko rassan sama da tabon ki kawo, sai a ɗora su kan wani gindin. Amma a damina auren ma yana ruɓa, sa'a ce.

Malama_Zainabu_Ngaundere
Akwai wasu ƙananan ƙwari rawaya da suka taru a kan tohon tawa, da wani fari-fari mai kama da auduga a hammatar ganye. Tururuwa na ta hawa.

Goggo_Asta
Darɓa ce. Daka 'ya'yan dalbejiya ki jiƙa su kwana, ki tace, ki ɗan sa sabulun wanki, ki yayyafa da yamma har bayan ganyen. Ki kori tururuwar, su ke kiwonsu.

Alhaji_Buba_Kuseri
Wato fulawar da aka ce ba ta buƙatar komai, ga yashi na musamman, ga gawayi, ga tiyata, ga aure, ga dalbejiya. Zogalena dai sanda na soke.

Ummu_Sadiya
Alhaji ka bari Hajiya ta ga hoton ta Hajja Dudu tukuna, mu ga ko ba za ka aika Marwa ba.

Maman_Hanifa_Domayo
Na yanke har na kai fari, kusan kashi ɗaya cikin uku na gindin ya tafi. Gawayi na sa, Hajja ki yi haƙuri. Tana rataye a baranda da igiyar shanya, Inna na wucewa tana girgiza kai. Sai dai yau da safe na ga bakin ciwon ta gefe ɗaya ya ɗan yi duhu. Bushewa ce ko ruɓar ce ta dawo?

Hajja_Dudu_Garwa
Bushewa ce, haka yake yi.

Sali_Malamin_Gona
Ba a ganewa da ido. Danna da farce, in da tauri bar shi, in ya lotsa ko ya yi danshi ki ƙara feƙewa. Ki sunsuna kuma.

Lambu_Pitoware
Ni da ni ne da na cire reshe ɗaya yanzu na aura, ko da gindin zai tafi. Turo hoton wurin da rana, ba da fitilar waya ba.

Bashir_Njamena
Lambu_Pitoware, in ana samun ja mai ninkin a wurinka, 'yan aure ƙanana nawa kake sayarwa, kuma motar Kuseri za ta iya ɗaukowa ba tare da ƙasa ba?